Fuskoki Talatin da Shida

Shekara ashirin da uku ya yi yana tsaye a ƙofa ta huɗu ta filin wasa, har sunan ƙofar ya bi shi. Ƙofa Huɗu ake ce masa a wurin aiki, haka a unguwa, matarsa ma idan ya ɓata mata rai da shi take kiransa. Aikin ba wani abu ba ne: ya karɓi tikiti, ya yage kunnensa, ya saki ƙarfe mutum ya wuce. Ƙofarsa ce ke kaiwa ɓangaren 'yan tsaye, inda babu kujera babu rumfa, sai matattakalar siminti da ta fara farfashewa. Masu bi ta nan duk ya san su. Ya san tela, ya san direban tanka, ya san wanda ya fara zuwa a kafaɗar ubansa yanzu kuma yake zuwa da nasa ɗan a kafaɗa.

A farkon kakar wasan bana aka kawo na'urar gane fuska. A sauran ƙofofi uku, mutum ya yi rajista a waya, ranar wasa ya tsaya gaban wani ƙaramin gilashi, fitila ta yi kore, ƙarfe ya buɗe da kansa. Ƙofa ta huɗu aka bar ta da tikitin takarda zuwa ƙarshen kaka, don mutanenta sun ce su ba za su iya wannan fitinar ba. Kyamara biyu dai aka kafa a saman kansa. Ya ɗaga kai ya dube su, ya ce wa masu shara, "To, ni ma yau na samu 'yan kallo." Daga nan bai ƙara tuna su ba.

Ranar Asabar aka yi wasa cikin ruwan sama. Saura minti uku a tashi ƙungiyar gida ta ci ƙwallo, mai tuta ya ɗaga tutarsa ya ce satar gida ce, aka soke. Ɓangaren 'yan tsaye ya rikice. Aka yi ta jifa da robar ruwa da takalma da duk abin da hannu ya kai gare shi. Cikin haka wani guntun siminti ya sami mai tutar a ido. Ƙofa Huɗu ne ya buɗe wa motar asibiti babbar ƙofa, ya ga mutumin kwance, tawul ɗin da aka danne masa fuska da shi ya rine.

Litinin da safe aka ce shugabar tsaro na nemansa, kuma ba a ofishinta ba, a ɗakin kyamara. Bai taɓa shiga wurin ba. Ƙarƙashin babban ɓangaren kujeru yake, sai an sauka matattakala biyu an bi wani dogon lungu. Ƙofar ƙarfe ce marar mariƙi. Shugabar ta tsaya gaban gilashinta, ta buɗe, suka shiga, ta koma ta rufe da kanta.

Babu taga a ɗakin. Allo goma sha biyu ne jere a bango, na'urar sanyi na ta busa. Injiniyan kamfanin da ya kafa na'urorin na zaune, mutum mai furfura kaɗan a gemu da tabarau a goshi. Ya jawo masa kujera.

"Baba, zauna," in ji shugabar. "Ka ji labarin mai tuta?"

"Ban ji ba, ranki ya daɗe."

"Idon ya tafi. Jiya likitoci suka cire shi." Ta ajiye wata takarda a gabansa. "Wannan daga hukumar gasa ce. Sun ba mu zuwa Laraba da tsakar rana. Ko mu kai sunayen waɗanda suka yi jifa, ko su rufe filin nan shekara biyu. Ka san mutum nawa ke cin abinci a nan. Masu yankan ciyawa, masu shara, masu wanki, kai kanka."

"Ai na ga kuna da na'ura."

Injiniya ya yi ɗan murmushi. "Na'ura ta yi nata, Baba. Ta tsamo mana duk wanda ya ɗaga hannu ya yi jifa, mutum talatin da shida. Amma fuska kawai ta ba mu. Mutanen ƙofarka ba su yi rajista ba, ba ta san sunan kowa ba."

"Kai kuwa ka sani," in ji shugabar.

Sai a lokacin ya gane abin da ya kawo shi. Ya waiwaya ya dubi ƙofar. Ko ta ciki ma babu mariƙi, sai gilashin nan.

Injiniya ya danna, fuska ta farko ta cika allo. Tela ne, baki buɗe, ruwa na zuba daga gashinsa. Shi ya ɗinka masa wandon da ke jikinsa a lokacin.

"Ban san shi ba," in ji Ƙofa Huɗu.

Ba wanda ya yi masa musu. Injiniya ya sake dannawa, allo na biyu ya kawo hoton ƙofa ta huɗu daga sama. Ga shi nan shi kansa, da tsakiyar kansa da ta fara sanƙo, yana riƙe da hannun tela suna dariya. Allo na uku ya kawo wata ranar, tela na gwada masa tsawon hannun riga da yatsu. Na huɗu ya kawo wata.

"Wasa goma sha ɗaya aka yi a bana," in ji Injiniya, muryarsa babu faɗa. "Ya zo tara. Duk taran kun gaisa. Ba don in kunyata ka ba ne, Baba, don kada mu ɓata wa juna lokaci ne."

Ƙofa Huɗu ya faɗi sunan tela da na ubansa, da layin da shagonsa yake. Shugabar ta rubuta.

Haka aka ci gaba. Direban tanka. Mai gyaran waya. Wasu 'yan'uwa biyu masu sayar da katako. Sau biyu ya ƙara gwada cewa bai sani ba, sau biyu aka nuna masa kansa yana dafa kafaɗar mutumin. Daga nan ya daina gwadawa. Da fitsari ya matse shi sai da ya roƙa, Injiniya ya tashi ya nuna wa ƙofa fuskarsa, ya raka shi har bakin banɗaki, ya jira shi, ya dawo da shi.

Fuska ta goma sha tara mijin 'yarsa ne. Mai walda ne, mutum mai kunya, wanda shekara huɗu da aurensu bai taɓa haɗa ido da shi ba. Ga shi a allo ya dage iya ƙarfinsa, hannu a sama.

"A nuna mini abin da ya jefa."

Aka mayar da hoton baya, aka sake shi a hankali. Robar ruwa ce, rabinta ma babu komai. Ta tashi sama ta faɗi a kan ciyawa, nesa da kowa.

"Ranki ya daɗe, wannan ko ƙuda bai kashe ba."

"Na gani. Jifa dai jifa ne a wurin hukuma. Wane ne?"

"Surukina ne."

Ta ajiye biron, ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan ta sake ɗauka. "Yi haƙuri, Baba. Sunansa."

Ya faɗa.

Mutum huɗu ne kawai a cikin talatin da biyar ɗin farko da gaske bai sani ba, kuma na'ura ta yarda da shi, don ba ta ga ya taɓa gaisawa da su ba. Saura ɗaya. Injiniya ya gyara zama.

"Wannan ne matsalarmu. Shi ya jefa simintin."

Ba fuska ba ce ma, baya ne. Mutum cikin baƙar rigar ruwa, ya ja hularta ya rufe kai, irin rigar da mutum ɗari suka saka a ranar. Ya sunkuya, ya ɓamɓaro guntun siminti daga bakin matattakala, ya miƙe, ya wurga da hannun hagu. Sannan ya juya ya shige cikin mutane, kansa a ƙasa. Kyamara uku suka bi shi, babu wadda ta kama ko haɓarsa.

Ƙofa Huɗu bai buƙaci a maimaita ba. Kafaɗar hagu ta ɗan zube ƙasa, kamar ta mai ɗauke da kaya ko da babu kaya. Shekara talatin na rataye ganga ne ya mayar da ita haka. Mai Ganga ne, shugaban masu kiɗan magoya baya, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su. Shekara shida da suka wuce, da aka yi wa matar Ƙofa Huɗu tiyata jini ya ƙare mata, shi ne ya nannaɗe hannun riga ya ba da leda biyu, har sai da jiri ya kwashe shi a barandar asibitin.

"Baya ne," ya ce. "Wa ke gane mutum ta baya?"

"Kai," in ji shugabar. "Na ga fuskarka yanzu, ba sai na'ura ta gaya mini ba." Ta rufe littafinta. "Bari in faɗa maka yadda abin yake. In aka samu wannan, shi 'yan sanda za su kama. Sauran a hana su shiga fili shekara uku, magana ta ƙare. In ba a same shi ba, duka talatin da ɗayan da ka ambata za a kwashe, a tsare su har wani ya yi magana, filin kuma a rufe. Ni ba ni na tsara ba. Ni ma kirana ake yi ta waya ana yi mini ihu."

"A ba ni zuwa gobe."

"Zuwa Laraba da ƙarfe goma. Fiye da haka ba ni da shi."

Da ya fito, hasken rana sai da ya sa shi runtse ido. Ya yi awa biyar a ciki. Masu yankan ciyawa suka tsayar da injinsu suna kallonsa, babu wanda ya tambaye shi komai. Kafin ya kai unguwa labari ya riga shi. A bakin layi, inda kullum sai an tsayar da shi a yi masa tsiyar ƙungiyarsu ba ta iya cin ƙwallo, yau kowa ya samu abin dubawa a wayarsa. Tela ya hango shi ya saki labulen shago.

A tsakar gida ya tarar da 'yarsa da mijinta. Surukin ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa.

"Baba, wai gaskiya ne an kira ka?"

"Gaskiya ne."

"Ina ciki?"

"Kana ciki. Na goma sha tara. Da ka san ba ka iya jifa ba ai da ka bar robar ka sha ruwanka."

Ba wanda ya yi dariya. 'Yar ce ta yi magana. "Baba, kuma ka faɗi sunansa? Da bakinka?"

"Sun nuna mini ni da shi a bakin ƙofa, yana durƙusa mini kamar yadda ya yi yanzu. In ce musu wa ne? Mai tallan takalmi?"

"Kama shi za su yi?"

"Ban sani ba tukuna."

Da suka tafi, matarsa ta kawo masa abinci ta zauna a gefen tabarma. Ya juya cokali ya ajiye. Ta bayan katanga ana jin rediyon gidan Mai Ganga da muryar matarsa tana yi wa jikoki faɗa. Ya rage murya ya gaya mata komai. Ta juya ta dubi katangar.

"Ka tabbata shi ne?"

"Kamar yadda na tabbata ke ce zaune a nan."

"Jininsa na jikina, Baban yara."

"Na sani."

"Shi kuma wancan bawan Allah, mai tutar, yana da iyali?"

"An ce malamin makaranta ne. 'Ya'ya uku."

Ta ja tsaki, ba da shi take ba, ba kuma da kowa ba. "To ni me zan ce maka? In na ce ka yi shiru, 'yata ta kwana tana kuka. In na ce ka faɗa, da wane ido zan dubi matarsa? Da ma tun farko gadin banki ka nema, inda ba ka san kowa ba."

Washegari da hantsi ya tafi ɗakin da magoya baya ke ajiye kayan kiɗa, wani tsohon gareji a bayan filin. Mai Ganga na ciki shi kaɗai, yana shanya fatun da ruwa ya jiƙa. Da ya gan shi ya washe baki.

"A'a, babban ɗan sanda! An ce ka sayar da unguwa gaba ɗaya, har da kaji."

"Rufe ƙofar, magana za mu yi."

Mai Ganga ya tura ƙofar da ƙafa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Na gan ka," in ji Ƙofa Huɗu.

"Ka gan ni a ina? An gaya mini na'urar ba ta kama fuskar mutumin ba."

"Ba ta kama ba. Ni na kama kafaɗarka."

Mai Ganga ya zauna a kan wata babbar ganga. Ya dubi hannunsa na hagu, ya juya shi. "Wallahi allon talla na nufa. Ƙara nake so ya yi, mai tutar ya ji tsoro. Ban san ya matso ba. Tun Asabar abinci bai wuce mini maƙogwaro ba."

"Na yarda. Tashi mu je tare ka faɗa da bakinka. Wanda ya kai kansa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba. Ni zan tsaya maka, in gaya musu ko kai wane ne."

"In je ina? Shekarata sittin da ɗaya, ga ciwon suga. Gidan yari kake so in mutu?" Ya ɗago. "Ka ji ni da kyau. Duk kyamarorin nan nasu babu wadda ta gan ni. Kai kaɗai ne. In ka yi shiru, babu ni a ciki. Su tsare yaran kwana biyu, su gaji, su sake su. Haka ake yi kullum."

"Da surukina a ciki. Da mutum sittin da za su rasa aiki in an rufe filin."

"Barazana ce, ba za su rufe ba."

"In kuma suka rufe fa?"

Mai Ganga ya ce, "Ban taɓa yi maka gori ba, kuma yau ma ba zan yi ba. Ka dai je gida ka dubi matarka."

"Na dube ta jiya. Zan jira ka a ƙofata gobe har ƙarfe goma saura kwata."

Laraba tun bakwai yana tsaye a ƙofa ta huɗu, ko da yake babu wasa, babu abin da zai buɗe. Ya share wurin, ya goge ƙarfen, ya sake sharewa. Duk wanda ya ɓullo daga kwanar titi sai ya ɗago ya duba. Mai sayar da jarida ya wuce, motar kwasar shara ta wuce. Tara da rabi ya kira wayar Mai Ganga, a kashe. Goma saura kwata ta yi, ya ƙara minti goma na kansa. Ya yi tunanin ya bi titin nan kawai ya yi ta tafiya, ya hau mota zuwa garin ƙanensa. Amma sun riga sun ga fuskarsa ranar Litinin, sun san ya sani. Gudunsa ba zai fitar da kowa ba.

Ya sauka matattakala biyun, ya bi lungun, ya ƙwanƙwasa. A ciki har da wani jami'in 'yan sanda. Bai zauna ba. Ya faɗi sunan, ya faɗi lambar gidan, ya ce musu mutumin na da ciwon suga, a bar shi ya ɗauki maganinsa. Ya ƙara da cewa ba mai tutar ya nufa ba. Jami'in ya ce wannan a kotu za a faɗe shi, kuma za a neme shi shaida.

"Shaida kuma? Ai na faɗa muku."

"Hoton baya ba ya tsayawa a kotu shi kaɗai, Baba. Sai da wanda zai ce ya gane shi."

Da la'asar motar ta zo layinsu. Bai fita ba. Yana zaune a ɗaki ya ji an buga ƙofar maƙwabta, ya ji kukan matar, ya ji jikokin sun ɗauka. Matarsa ta tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu har motar ta tafi, sannan ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Filin ba a rufe ba. An ci tarar ƙungiyar, an yi wasa biyu babu 'yan kallo. Mutum talatin da ɗaya da ya ambata aka saka fuskokinsu a na'ura, shekara uku ba shiga. Bayan wata biyu ya tsaya a kotu, Mai Ganga na cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Lauya ya tambaye shi yadda aka yi ya gane mutum ta baya, ya yi bayanin kafaɗar. Mai tutar ma na wurin da baƙin tabarau, yana juya kansa gaba ɗaya in zai dubi mai magana. Aka yanke shekara biyu. Matar Mai Ganga ta sa aka ƙara bulo uku a kan katangar.

Kafin a dawo da 'yan kallo aka cire tikitin takarda a ƙofa ta huɗu, aka kafa mata gilashi irin na sauran. Aikinsa ya koma tsayawa a gefe, in fitila ta yi ja ya ce wa mutum ya koma. Wasa ɗaya kawai ya yi a haka. Mutanen da shekara ashirin suke miƙo masa hannu suka riƙa wucewa suna kallon gilashi. Wani ya tsaya, ya ja hular rigarsa ya rufe kai, ya juya masa baya ya ce, "Baba, wane ne ni?" Layin ya fashe da dariya. Direban tanka ya zo gwada sa'a, fitila ta yi ja, ya tofar da yawu kusa da takalminsa ya juya.

Litinin ya je wurin shugabar ya roƙa a mayar da shi yankan ciyawa, ko wankin banɗaki, ko'ina dai da ba ƙofa ba.

"Ni ma na yi niyyar ɗauke ka daga can," ta ce. "Ba na son wani abu ya same ka. Amma ba ciyawa ba. Waɗanda aka hana sun fara dabara, wani ya aske gemu, wani ya shigo da rajistar ƙanensa, wani ya sa tabarau ya kumbura kumatu. Na'ura na kama wasu, wasu na wuce ta. Ɗakin kyamara za ka koma, kusa da Injiniya."

"Ranki ya daɗe, a yi mini rai."

"Ko can, ko ritaya, Baba. Kuma saura shekara huɗu ka cika ta. In ka tafi yanzu ka san abin da za ka rasa."

Ya sani. Asabar ta gaba ya sauka matattakala biyun da rigar sanyi a hannu. Daga ƙarƙashin nan ba a jin wasa sosai, sai dai in mutane sun yi tsalle a sama rufin ya yi ta girgiza. Allunan duk jama'a suke nunawa, layi bayan layi, kowace fuska da ɗan koren akwati kewaye da ita. Ya ƙudurta a ransa ba zai ce komai ba sai an tambaye shi, in an tambaye shi ma zai ce idonsa ya fara rauni. Ana cikin rabin farko Injiniya ya nuna wani mai hular sanyi a layi na bakwai ya ce, "Wannan fa? Na'ura na shakka." Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga ya ce ƙaramin cikin 'yan'uwan nan masu katako ne. Yana kallo a allo ma'aikata biyu suka ratsa jama'a, suka kama mutumin ta gwiwar hannu suka fitar da shi.

Da aka tashi ya jira jama'a suka watse, sannan ya bi ta bayan kasuwa, hanyar da ta fi nisa. Ta gaban shagon surukinsa take bi. Mai waldan na zaune a kan benci da ƙaramar rediyo a gefensa, ya kashe injin. Da ya hango shi ya miƙe da sauri, ya durƙusa.

"Sannu da dawowa, Baba."

"Yauwa. Ya aikin?"

"Lafiya lau." Kansa a ƙasa ya ƙara da cewa, "Baba, ƙwallo ta biyun nan, yadda mai sharhi yake ta ihu, da gaske daga tsakiyar fili ya buga ta?"

Ƙofa Huɗu ya tsaya yana kallonsa. "An ci biyu ne?"

"Biyu da ɗaya. Mu muka ci."

"To, madalla. Ni ban ga fili ba."

Surukin ya goge bencin da hannun rigarsa ya matsa gefe. Ƙofa Huɗu ya dubi titi hagu da dama, sannan ya zauna, ya ɗora rigar sanyin a cinya. Mai waldan ya tsuguna a ƙasa, ya ɗauki guntun ƙarfe ya fara zana masa a kan yashi inda ɗan wasan ya tsaya da inda mai tsaron gida yake, yadda ya ji a rediyo.